Babi na Tara: Kama da Wane Ba Ta Wane

Daga cikin mas'alolin da suka raba kan masana shari'a da ma'abota mulki a wannan zamani, kaɗan ne suka kai mas'alar baƙin haure wuyar warwarewa, domin kuwa haƙƙoƙi biyu ne suka yi karo a cikinta, kowannensu kuma tabbatacce ne wanda mai hankali ba ya musunsa. Na farko haƙƙin hukuma ne na ta san wanda ya shigo ƙasarta da abin da ya kawo shi, tun da yake ita za a tambaya ranar da aminci ya ɓaci. Na biyu kuwa haƙƙin ɗan Adam ne na kada a tsare shi a hanya, a tozarta shi a bainar jama'a, saboda launin fatarsa ko karin harshensa ko irin rigar da ya sa, alhali bai aikata kome ba. A rubuce waɗannan haƙƙoƙi ba su saɓa wa juna, gama doka ba ta ambaci farar fata ko baƙar fata ba, wanda ba shi da izni kaɗai ta ambata. Amma izni ba a goshi ake rubuta shi ba, ma'aikacin da aka tsayar a bakin hanya kuwa ba shi da abin da idonsa zai fara sauka a kai sai fuska, saboda haka sau da yawa dokar da aka yi don takarda sai ta koma hukunci a kan kama.

Mutumin ƙasar Kazaure yana da abin faɗi a cikin wannan muhawara fiye da yawancin masu yin ta a manyan birane, saboda inda Allah ya ajiye shi. Wanda ya yi sammako daga Kazaure ya bi hanyar Daura, kafin hantsi ya dubi ludayi ya isa Kwangwalam, in ya ƙetare kuwa sai Ɗan Barto da Matamai, har Damagaram. Wanda kuma ya tashi daga Ɓaɓura ya nufi Babban Mutum, taku kaɗan ne tsakaninsa da ƙasar Magarya. A duk tsawon wannan tafiya ba zai ji an canja harshe ba, ba zai ga an canja alƙibla ba, geron da aka dafa masa a nan shi za a dama masa a can, kuma tsagen da ya gani a kuncin dattijon Roni ko Gwiwa yana iya ganin irinsa a kuncin dattijon Kance. Aure ya gauraya gidaje, almajirci ya gauraya tsangayu, kasuwa ta gauraya dukiya, har ya zama akwai gidaje masu yawa da kaka take wancan gefe, jikokinta suna wannan.

Ba wai ƙasar ba ta san iyaka ba ne kafin zuwan Nasara. Tun da Ɗan Tunku ya kafa wannan sarauta a shekarar 1819, ɗansa Dambo kuma ya zaunar da ita a garin Kazaure, masarautar ta kasance a bakin daga, tana fama da hare-haren Damagaram shekara da shekaru, mutanenta kuwa sun san inda ikon Sarkin Musulmi ya tsaya da inda na wani ya soma. Sai dai waccan iyaka ta sarakuna ce da mayaƙansu da masu karɓar haraji, ba ta hana falke wucewa da jakunansa ba, ba ta kuma tambayar almajiri inda aka yanke masa cibiya. Iyakar da muke da ita yau kuwa Ingila da Faransa ne suka yi ta jayayya a kanta tun daga 1890, suka sake shata ta a 1898 da 1904, suka daidaita a 1906, sa'an nan suka aiko Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi suna kafa turaku 148, suka gama a 1908. Layin nan ya ratsa ta tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura, ya bar wani yanki nata a hannun Ingilishi, wani a hannun Faransa. Da aka sami mulkin kai a 1960 sai Nijeriya da Nijar suka gaji layin yadda yake, aka wayi gari 'yan'uwan jini sun zama wannan ɗan ƙasa, wancan baƙo.

Yana da kyau mu tuna yadda magabatanmu suke sanin baƙo, domin ba sakaci suka yi da al'amarinsa ba. Idan mutum ya sauka a gari, ba ya kwana sai a hannun wani: in falke ne yana da fatoma, in almajiri ne yana da malamin da ya sauka a tsangayarsa, in mai neman gona ne yana da maigidan da zai riƙe hannunsa ya kai shi zauren mai unguwa. A can za a tambaye shi garinsu, da sunan ubansa, da sana'arsa, da dalilin da ya sa ya baro gida. Mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci kuwa, in al'amarin ya kai, ya sanar da hakimi. Daga ranar nan mai masaukinsa ya zama lamuninsa, in ya yi ɓarna shi za a fara nema, in kuma an zalunce shi shi zai tsaya masa. Wannan tsari yana da tsanani, amma tsananinsa a kan mutum ɗaya yake sauka, wanda aka san sunansa, aka kuma zuba ido a kan halinsa. Ba a taɓa jin mai unguwa ya tara duk masu tsage iri kaza ya ce su bar gari don ɗayansu ya saci akuya ba.

Zamani ya zo da takarda a madadin lamuni. Nijeriya ta yi dokar shige da fice a 1963, ta sabunta ta a 2015, ƙasashen Afirka ta Yamma kuma suka ƙulla yarjejeniya a 1979 cewa ɗan kowace ƙasa daga cikinsu yana iya shiga ɗaya ba da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya ingantacciya. Ga ɗan boko mai fasfo wannan sauƙi ne babba. Amma a dubi yadda abin yake kasancewa a shinge, a lokacin kaka, sa'ad da aka gama girbi matasa suka ɗaura buhu suka nufi kudu ci-rani. Mota ta tsaya, ma'aikaci ya leƙo ta taga, ya bi fasinjoji da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce mai shadda da agogo bai ce masa uffan ba, ya wuce mai tabarau da jarida, sai ya tsaya a kan wani saurayi mai takalmin roba, faso ya tsattsaga dugadugansa, yana rungume da ƙullin garin kwaki da tabarma. Shi za a ce ya sauko. A tambaye shi garinsu, a ce ya faɗi sunan hakiminsu, a saurari yadda yake ƙirga kuɗi, a kasa kunne ko wata kalmar Faransanci za ta suɓuce masa. In ya yi in'ina don tsoro, in'inar ta zama shaida a kansa.

To, wane ne wannan saurayi? Yana yiwuwa daga ƙauyen Magarya ya fito, yana kuma yiwuwa ƙwarai daga ƙauyen Gwiwa ko 'Yankwashi ya fito, inda ungozoma ta karɓi haihuwarsa a ɗakin uwarsa, liman ya raɗa masa suna ranar bakwai, ba wanda ya rubuta kome a ko'ina. Ba shi da takardar haihuwa domin ba a kawo ta garinsu ba, ba shi da katin ɗan ƙasa domin wurin yin sa ya yi masa nisa, kwanakin da zai ɓata a layi kuwa na noma ne. Ga shi ɗan ƙasa tun kaka da kakanni, amma ba shi da hujja a aljihu, alhali kuwa wanda ya shigo da mugun nufi, da yake ya san za a tambaye shi, shi ne ya fi kowa tanadin takarda, ta gaske ko ta jabu. Ta haka ne binciken da aka gina a kan kama yake tara aibi biyu a lokaci ɗaya: yana wulaƙanta talakan da ba shi da laifi, yana kuma buɗe wa mai laifi hanya, tun da ya koya masa irin rigar da zai sa ya wuce.

Wannan mas'ala ba mu kaɗai ta dama ba. A ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Arizona, wadda take kan iyaka da Meziko, wadda kuma a da can yankin Meziko ce kafin yaƙi da ciniki su mayar da ita hannun Amurka a tsakiyar ƙarni na 19. Kusan kashi uku cikin goma na mutanenta jinin masu magana da harshen Sifaniyanci ne, da yawansu kuma haifaffun ƙasar ne tun kakanni. A watan Afrilu na 2010 gwamnar jihar, Jan Brewer, ta sa hannu a kan wata doka mai lamba SB 1070, wadda ta wajabta wa ɗan sanda, idan ya tsayar da mutum bisa wani dalili na doka, kuma ya yi zato mai ƙarfi cewa baƙon haure ne, ya binciki matsayinsa. Masu goyon bayanta suka ce gwamnatin tarayya ta kasa tsare iyaka, jiha kuwa ba za ta naɗe hannu ba. Masu suka suka ce a faɗa musu abin da zai haifar da wannan zato a zuciyar ɗan sanda in ba launin fata da karin harshe ba. A 2012 Kotun Ƙoli ta soke sassa uku na dokar, ta bar sashen binciken takarda, tare da barin ƙofa a buɗe ga wanda aka zalunta wajen aiwatar da shi ya kawo ƙara. Shekara guda bayan haka wani alƙalin tarayya ya yanke hukunci cewa ma'aikatan Joe Arpaio, shugaban 'yan sandan gundumar Maricopa, suna tsayar da masu mota saboda kamarsu, ya kuma hana su. Abin lura a nan shi ne mafi yawan masu wannan kama a Arizona ba baƙin haure ba ne, kamar yadda mafi yawan masu takalmin roba a hanyar Daura ba baƙi ba ne.

Tarihinmu na kusa yana da izina da ta fi wannan zafi. A ranar 24 ga Janairu 1980 aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka ɗauke shi daga Maiduguri aka ƙetarar da shi Chadi, bisa umarnin ma'aikatar harkokin cikin gida, da da'awar cewa asalinsa ba na Nijeriya ba ne. Al'amarin ya je gaban alƙali, aka saurari shaidu a kan nasabarsa, kotu ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne, ba mai ikon fitar da shi, ta kuma yanke a biya shi diyya. In har za a iya yi wa mutumin da jama'a suka zaɓa haka, mai jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa, sai mai karatu ya auna da kansa abin da zai sami mai ga-ruwa ko mai yankan farce wanda ba wanda zai lura da ɓacewarsa sai uwarsa.

Bayan shekara uku sai aka yi abin da ya fi wannan girma. Fitinar Maitatsine ta auku a Kano a Disamba 1980, aka rasa rayuka fiye da dubu huɗu, kuma da yake shi Maitatsine, wato Muhammadu Marwa, asalinsa daga Kamaru yake, sai magana ta bazu cewa baƙi ne tushen bala'in, ko da yake mafi yawan waɗanda aka kama 'yan ƙasa ne. Da kuɗin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe kuma ya ƙarato, sai ministan harkokin cikin gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa a ranar 17 ga Janairu 1983 cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. An ƙiyasta mutanen da suka fita da kusan miliyan biyu, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran kuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin. Suka yi cincirindo a iyakoki da tashoshin jiragen ruwa, wasu suka mutu a hanya. Dattawan zango a Kumasi da Accra ba su yi mamaki ba, domin sun ɗanɗana irinta tun a Nuwamba 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi mako biyu su fita, Hausawa da Yarabawa da yawa, har da waɗanda aka haifa a can, suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka kamo hanya. A 1984 kuma aka rufe iyakokin Nijeriya a daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona a Nijar, har mutanen can suka sa wa yunwar shekarar sunan shugaban da ya rufe iyakar. Ba ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya kawar da talaucin da aka ɗora wa baƙi alhakinsa.

Ba sai mutum ya ƙetare iyakar ƙasa ake mayar da shi baƙo ba, mutanen Jigawa kuwa sun san haka a jikinsu. A watan Yuni na 2014 sojoji suka tare jerin motoci a jihar Abiya, suka tsare matafiya 486 'yan Arewa, da yawansu daga Jigawa, bisa zargin alaƙa da Boko Haram, daga baya aka saki mafi yawansu. A ƙarshen Agusta 2019 aka tare wata babbar mota a Legas ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da baburansu, sun je neman abinci da acaɓa, aka tsare su, aka ɗauki hotunansu aka watsa, sa'an nan bincike bai sami kome a kansu ba aka sallame su. A Maris 2025 kuwa abin ya kai ga jini, sa'ad da aka tare mafarauta 'yan jihar Kano a garin Uromi na jihar Edo suna kan hanyar komawa gida hutun Salla, aka kashe 16 daga cikinsu. A irin waɗannan lokuta kalma ɗaya ake yawan ji, wai waɗannan ba ma 'yan Nijeriya ba ne, daga Nijar ko Chadi suka kwararo. Da zarar an faɗi haka kuwa sai zukata su yi sanyi game da haƙƙinsu, kamar dai baƙo ba shi da jinin da aka haramta zubarwa. Alhali kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon tafiya da zama a inda ya so a sashe na 41, ya kuma hana a bambanta shi saboda ƙabila ko wurin asali ko addini a sashe na 42.

Adalci ya wajabta mu kawo hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta, domin masu ita ba duka ne maƙiya baƙi ba. Suna cewa iyakarmu da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, yawancinta fili ne fetal da babur yake ratsawa ta ko'ina. Tun da mulkin Libiya ya rushe a 2011 makamai suka malalo cikin Sahel, 'yan bindiga suka addabi Katsina da Zamfara da Sakkwato, ƙauyukan Roni da Gwiwa kuwa maƙwabtan Katsina ne, ba su kwana da ido biyu rufe. Suna cewa ma'aikaci ba shi da lokacin binciken kowa, dole ya zaɓa, kuma gara a ɓata wa mutum goma rai da a bar ɗaya ya wuce da bindiga. Suna kuma cewa ƙasar da ba ta san adadin mutanenta ba ba za ta iya tsara makaranta ko asibiti ko zaɓe ba. Duk wannan gaskiya ne, ba ma jayayya da wajabcin tsaro, ba ma kuma cewa a bar iyaka ba mai dubawa. Inda muka saɓa da su shi ne a kan abin da ya halatta ya zama dalilin zaɓen wanda za a bincika.

Malaman fiƙihu sun riga mu tunani a kan wannan, suka kuma shimfiɗa ƙa'idoji waɗanda alƙalan ƙasar nan suka yi hukunci da su ƙarni da ƙarni. Asali a wurinsu shi ne wuyan kowane mutum kuɓutacce ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma kawo hujja nauyi ne a kan mai da'awa. Saboda haka wanda ya ce wane baƙo ne shi ake bi bashin shaida. Suratul Hujurati ta yi hani ga yawan zato da bin diddigin asirin mutane, ta kuma bayyana cewa hikimar rarrabuwar ƙabilu ita ce sanin juna. Da suka zo babin tuhuma, malamai irin su Ibn Farhun a cikin Tabsiratul Hukkam sun kasa wanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, ba a kula tuhumar da aka yi masa, wanda aka sani da ɓarna, a tsananta bincikensa, da wanda ba a san halinsa ba, a dakatar da shi har al'amarinsa ya bayyana. Wannan rabo ya ba hukuma fili mai faɗi, amma duk ma'auninsa hali ne da aiki, tare da wani laifi ayyananne da ake bincike a kansa. Ba a sami gida na huɗu ba wanda aka ware wa masu wani launi ko wata nasaba. Mutumin da aka ga yana kauce wa shinge da dare, ko aka ga kaya a motarsa da ya ƙi a buɗe, ko aka sami rahoto a kansa, akwai alama a kan aikinsa. Wanda kuwa ba a ga kome a tare da shi ba sai rawani da doguwar fuska, ba a da kome a kansa.

Har wanda ya tabbata baƙo ne, ya kuma shigo ba bisa ƙa'ida ba, shari'a ba ta zubar da mutuncinsa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya karanta, ta inganta amanar da mafi ƙanƙantar Musulmi ya bayar, ko da mace ce, ga mutumin da ya fito daga ƙasar abokan gaba. Muhtasar na Halilu kuma ya hukunta cewa wanda aka kama ya ce aminci ya zo nema, in ba a karɓe shi ba, a mayar da shi inda zai amince wa ransa. In wannan ne haƙƙin wanda ake yaƙi da mutanensa, ina ga maƙwabcin da yunwa ta koro? A gwada wannan da abin da yake faruwa a iyakar Aljeriya da Nijar, inda ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna ba da labarin yadda ake kwashe baƙaƙen fata daga tituna da wuraren aiki, a zube su cikin hamada, su taka wajen kilomita 15 kafin su isa Assamaka. Da yawa daga cikin matan da ake maidowa da 'ya'yansu kuwa Hausawa ne na ƙasar Kance, nan bayan Kwangwalam. Hukuma tana da ikon ta ce wa baƙo ya koma, amma ba ta da ikon ta jefa shi cikin halaka, ko ta ƙwace guminsa, ko ta raba shi da 'ya'yansa.

Wajibi ne kuma mu juyo da ma'aunin nan kanmu, gama ba daidai ba ne mu yi kuka da abin da ake yi mana a Legas mu kuma aikata irinsa a gida. Tun da fitinar daji ta tsananta, Bafulatani mai sanda da malfa yana shiga wasu kasuwanni da fargaba, ana binsa da kallon tuhuma, alhali shi ma an kore masa shanu, an kuma sace masa ɗa. Buzun da aka ba amanar ƙofar gida shekara da shekaru, ranar da aka yi sata a unguwa shi ake fara nunawa. A Yuni 2017 wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa, duk da cewa an janye maganar daga baya, kuma shugabanni sun yi tir da ita. Illar da take cikin waɗannan ita ce dai illar da take cikin abin da aka yi wa mutanenmu a Abiya: ɗaukar laifin mutum ɗaya a rataya wa duk mai kama da shi.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne, ko da yake yana bukatar haƙuri da kuɗi. Farko, hukuma ba ta da hujjar neman takarda a hannun wanda ba ta kai masa ita ba. Sai a kai rajistar haihuwa da katin ɗan ƙasa har ƙauye, a haɗa ta da ranar suna, a sa masu unguwanni da limamai da ungozomomi a cikin aikin, domin su ne suka san wanda aka haifa da gidan da aka haife shi. Na biyu, mutanen bakin iyaka, waɗanda gonarsu ko kasuwarsu ko surukansu suke ƙetare, a yi musu takarda mai sauƙi da araha wadda ƙasashen biyu za su amince da ita, musamman yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairu 2025, ga kuma layin dogo da ake shimfiɗawa daga Kano ta Kazaure da Daura zuwa Maraɗi, wanda zai ƙara yawan masu kai da kawowa. Na uku, a shinge a yi wa kowa tambaya ɗaya, mai shadda da mai tsumma, ko kuwa a rubuta dalilin da ya sa aka saukar da wane aka bar wane, yadda in an yi zalunci za a sami abin bi. Na huɗu, kada a fitar da kowa daga ƙasa sai ya tsaya gaban alƙali, an ba shi tafinta da damar kiran shaidunsa, ko da shaidun nan dagacinsu ne da limaminsu.

Masarautu irin ta Kazaure suna da babban rabo a cikin wannan aiki, domin abin da hukumar zamani ta rasa, wato sanin mutane ɗaya-ɗaya da gidajensu, har yanzu yana nan a zaurukan masu unguwanni da dagatai. In aka haɗa wannan sani da rajista mai inganci, ma'aikaci zai sami abin dogara da ya fi zato, talaka zai sami mai tsaya masa, baƙon kirki zai sami hanyar bayyana kansa ba da tsoro ba, mugu kuwa zai rasa taron da yake ɓuya a ciki. Nauyin farawa yana kan waɗanda Allah ya ba iko da ilimi a cikinmu, kuma za a tambaye su a kan ɗan ƙasa da baƙo gaba ɗaya.